Kafin ka sayi sabuwar rauta, duba tashar da maƙwabta suke kai

A gidan haya ko filaza mai shaguna da yawa, sai ka ga sandunan Wi-Fi a cike amma bidiyo na ta tsayawa. Wasu su zagi kamfanin layi, wasu su ruga kasuwa neman rauta mai dogayen eriya. Galibi cunkoso ne: rautoci, wato na'urorin da ke watsa Wi-Fi, da dama sun taru a tasha ɗaya (hanyar iska da rauta ke aika saƙo ta kai), kowacce sai ta jira 'yar'uwarta ta gama aikawa kafin ta aika.

Kada ka fitar da ko sisi sai ka sauke manhaja irin WiFi Analyzer a wayar Android, ka zaga ɗaki-ɗaki ka ga wa ke kan wace tasha. A zangon 2.4 GHz, ɗaya daga rukunan tashoshin Wi-Fi, tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna, 1, 6 da 11. A saitin rautarka, koma wadda ta fi sarari, ka tsayar da faɗinta a 20 MHz. Sau da yawa daga nan magana ta ƙare.

In ba ta ƙare ba, to a zo ga ciniki. Rauta mai 2.4 GHz kaɗai tana da araha, tana kuma ratsa bango, amma a unguwa mai cunkoso asarar kuɗi ce, don hatta Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikirowef a zangon suke. Ni dai na fi ba da shawarar mai zango biyu, 2.4 da 5 GHz. Zangon 5 GHz ya fi yalwar tashoshi, sai dai bulon siminti na cinye ƙarfinsa, shi ya sa ake kafa rautar a tsakiyar gida, a sama, ba a bayan talabijin ba.

Ripita kuwa, wato na'urar da ke maimaita siginar rauta don ta kai nesa, ba na sonta. Mai rediyo ɗaya a tasha guda take karɓa take maimaitawa, sai gudun ya ragu kusan rabi, cunkoson ya ƙaru. Ga babban gida, tsarin mesh, wato na'urori da dama da ke haɗuwa su ba da Wi-Fi ɗaya, irin TP-Link Deco, ya fi ta. Makaranta ko otal kuma, a ja kebul zuwa kowace na'ura, mai watsa Wi-Fi irin UniFi ko Omada, a raba musu tashoshi, a rage ƙarfin kowacce don kada su danne juna.

Wi-Fi 6 ya fi jure cunkoso, ya cancanci ɗan ƙarin kuɗin. Amma Wi-Fi 6E mai zangon 6 GHz, fara tabbatar wayarka da kwamfutarka suna kama shi kafin ka biya.