Gwajin ƙamus ɗin Wiktionary da kalmar gangare

Wiktionary ƙamus ne na kyauta a intanet, ƙanen Wikipedia, wanda aka buɗe a watan Disamba na shekarar 2002, kuma masu aikin sa kai ne suke rubuta shi. Na gwada shi da kalma guda ɗaya, wato abin da Bahaushe yake kira gangare, domin in ga ko zai nuna mini yadda al'ummomi daban-daban suka raɗa wa karkatar ƙasa suna, da kuma inda sunayen suka samo asali.

Na fara da kalmar Ingilishi, slope. Ƙamus ɗin ya mayar da ita ga aslope, wadda ake kyautata zaton ta fito daga wani aikatau na tsohon Ingilishi mai ma'anar sulɓewa. A ƙarƙashinta akwai jerin fassara zuwa harsuna masu yawa, kuma daga nan ne ainihin amfanin ƙamus ɗin yake bayyana, domin yawancin kalmomin da ke jerin ana iya latsa su a shiga tarihinsu. Ta haka na ga cewa pente ta Faransanci tana komawa ga aikatau na Latin pendere, wato rataya, kuma Hang ta Jamusanci ma daga rataya ta fito. Bature ɗan Ingila ya lura da santsin ƙafa, maƙwabtansa biyu suka ga ƙasa kamar an rataye ta a jikin dutse. Mu kuwa motsi muka duba, domin gangare da gangarawa tushensu ɗaya, kuma wurin da mai saukowa yake kira gangare shi ne mai tafiya sama yake kira hawa.

Inda na fi daɗewa shi ne kalmar Girkanci klima, wadda asalin ma'anarta karkata ce. Masanan Girka sun raba duniya gida-gida gwargwadon yadda hasken rana yake karkata a kan kowane yanki, sai kalmar ta koma tana nufin yankin kansa, daga baya kuma ta koma yanayin zafi da sanyinsa, wanda shi ne climate na Ingilishi a yau. Larabci ya ari kalmar ta zama iƙlim, jam'inta aƙalim, kuma duk almajirin da ya yi nisa a littattafan Larabci ya ci karo da ita, ko da bai taɓa zaton Bagirkiya ba ce. Da yankuna bakwai irin waɗannan ne masanin labarin ƙasa al-Idrisi ya tsara taswirarsa ta duniya a tsibirin Sisili a shekarar 1154. Daga Larabci kalmar ta wuce Turkanci da harshen Indonesiya, inda iklim take nufin yanayi. Ƙamus na takarda mai harshe biyu ba zai iya kai mai bincike wannan tafiya ba, amma a nan latsawa huɗu ko biyar ta isa.

Sai dai aikin ba daidai yake a ko'ina ba. Harsunan Turai sun samu masu hidima da yawa, saboda haka bayaninsu cike yake, alhali kalmomin Hausa da dama ba su wuce fassara ta layi ɗaya ba, wasu kuma ba a shigar da su ba tukuna. Mai karatu kuma ya kula da alamar tauraro da ake sa wa wasu tsofaffin kalmomi, domin tana nufin masana ne suka ƙiyasta siffar kalmar ta hanyar kwatanta harsuna, ba a rubuce aka same ta ba. Wanda bai san wannan ba yana iya ɗaukar hasashe a matsayin tabbas.

Ga ɗalibin nazarin harshe ko mai fassara, ina ganin Wiktionary ya cancanci zama wurin fara bincike, musamman da yake babu talla a cikinsa kuma yana buɗewa a ƙaramar waya ba tare da cin data mai yawa ba. Wanda zai kafa hujja da shi a kundin digiri kuwa, ya kamata ya bi madogarar da aka ambata a ƙasan kalmar, idan an ambata, ya gani da idonsa.