Gargaɗi kan mai tallar "injin ruwa mai nauyi" a Jidda

'Yan'uwa mazauna Jidda da Makka, akwai wani mutum da ke bin majalisun Hausawa yana karɓar kuɗi da sunan hannun jari a wani inji da ya ce yana samar da wutar lantarki daga ruwa mai nauyi (ruwan da ke ɗauke da diyutiriyom, wani nau'in haidirojin mai nauyi), ba fetur ba gas, wai za a kai shi Kano a sayar wa masu shaguna. Ni riyal 18,000 ya karɓa a hannuna, kuɗin da na tara domin rufin gidan iyalina.

Masu cewa kwaɗayi ne ya ja ni su sani cewa sai da na bincika, kuma abin da ya faɗa yana da tushe. A ranar 23 ga Maris 1989, Martin Fleischmann da Stanley Pons sun sanar a Jami'ar Utah da ke Amurka cewa sun tsoma ƙarfen faladiyom cikin ruwa mai ɗauke da diyutiriyom, suka tura masa lantarki, suka sami zafin da ya zarce abin da suka zuba. Har hasashen masu goyon bayan abin mai tallar ya zayyana mini, cewa ƙarfen yana shanye diyutiriyom ya matse ƙwayoyinsa a cikin jikinsa har su haɗe ba tare da zafin miliyoyin digiri ba. Duk na ga wannan a intanet da idona.

Abin da na kasa mantawa shi ne lokacin da ya kama hannuna ya ɗora a kan akwatin injin ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji da kanka." Akwai ɗumi, ga ƙwan lantarki yana ci, kuma daga sallar Magariba muka fito tare, sahu ɗaya. Wa zai zargi mutumin da ya yi sallama a gefensa yanzun nan? A daren na tura masa 10,000, ko da yake kafin nan ya riga ya karɓi 3,000 na rajista, sauran 5,000 kuwa ya ce na kwastan ne. Riyal 18,000 ke nan cif.

Ɗan ƙanena mai karatun kimiyya ne ya nuna mini abin da mai tallar ya ɓoye. Manyan ɗakunan gwaji sun kasa maimaita sakamakon, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta duba batun a 1989 da 2004 ba ta gamsu ba, kuma binciken da Google ya ɗauki nauyi ya fito a mujallar Nature a 2019 ba tare da wata shaida ba. Ƙwayoyin diyutiriyom suna tunkuɗe juna saboda cajinsu iri ɗaya ne, kuma da a ce sun haɗe har sun ba da wannan zafin, niyutiron ɗin da zai fito, wato wasu ƙananan ƙwayoyi masu illa ga jiki, ya isa ya hallaka wanda ke tsaye kusa. Ni kuwa hannuna na kan akwatin. Wani ɗan'uwa da shi ma aka cuta ya kwance gindin akwatin, ya tarar da batiri da wayar hita.

Tun kafin wannan ma wayar mai tallar ta daina shiga. Rasit ɗin banki da saƙonninsa na WhatsApp suna hannuna, zan saka hotunansu da zarar na rufe lambobin mutane. Kada wanda ya ba shi ko halala ɗaya, wanda kuma ya riga ya biya ya adana shaidarsa ya kai ƙara wurin 'yan sanda.