Keken koyon tafiya na kafinta, bayan wata uku a gidana

Tun ranar da na saka bidiyon yarinyata tana tura keken katakon nan a tsakar gida mata suke ta tambayata a ina na saya, yana da kyau kuwa, to bari in yi bayani gaba ɗaya in huta.

Ba shi na fara saya ba. Tana wata bakwai, zama ya yi ƙwari, Abbansu ya shigo mana da irin na robar nan mai zagaye da ake zaunar da yaro a ciki, mai kiɗa da fitilu, daga wani shago a kasuwar Sabon Gari. Wallahi na yi murna sosai don na samu hannu, in ajiye ta a ciki in yi wanke-wanke in ɗora girki. Amma abu biyu suka tayar min da hankali. Na farko da kan yatsu take turawa, diddigenta ba ya taɓa ƙasa ko kaɗan. Na biyu gudu, kafin ki juya ta bar falo, kuma da yake ya ɗaga ta sama hannunta yana kaiwa inda da ba ya kaiwa. Wata safiya ta jawo ledar tebur, filas ɗin ruwan zafi ya faɗo gefenta kaɗan, Allah ne ya tsare murfin a ɗaure yake. Har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake.

Da muka je rigakafin wata tara, na ƙyanda da shawara, na ba nas ɗin labari, tace min Maman baby ki ajiye shi, ba ya koya wa yaro tafiya. Daga baya na karanta cewa ƙasar Kanada ta haramta sayar da irin wannan na zaman tun 2004, har na hannu ba a yarda a sayar ba, saboda yara suna gangarawa da shi daga matakala. A ranar na ɗora shi saman wadirof.

Hajiyarmu ce tace ku dai kun cika son kayan kanti, a kai wa kafinta ya buga mata irin wanda aka yi wa ubanta mana. Kafintan bakin layinmu ya yi shi cikin kwana biyu, taya uku, ɗaya a gaba biyu a baya, da sandar riƙewa daidai ƙirjinta, kuma kuɗinsa bai kai rabin na robar ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yarinya ita take ɗaukar nauyin jikinta. Sai ta kama ta miƙe da kanta, tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, in ta gaji ta saki ta zauna daɓas. Satin farko tsoronsa take, sai dai ta riƙe ta tsaya tana kallona, yayanta ɗan shekara huɗu ya durƙusa a gaba yana riƙe tayar yana ce mata taho taho. Sati na biyu ta fara turawa daga ƙofar ɗaki zuwa gindin randa. Ranar da ta sake shi kuwa ina tankaɗe, kawai na ga ta bar keken a baya ta ɗaga hannuwa sama, taku ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta faɗo kan cinyata duk ta ɓata fuska da gari tana dariya da haƙoranta guda huɗu. Na yi ta kabbara har maƙociyata ta leƙo ta katanga. Tana wata goma sha biyu da 'yan kwanaki lokacin.

Amma fa ba zan ce keken ne ya sa ta tafiya ba, lokacinta ne ya yi. Yayanta bai taka ba sai da ya kai wata goma sha biyar, kuma yara masu lafiya suna fara tafiya tun daga wajen wata tara har zuwa wata 18, don haka dan Allah wadda nata bai fara tatata ba kar ta bari surutun mutane ya hana ta barci. In ya wuce haka ne sai a kai shi asibiti a duba.

Yana da nasa matsalolin. A kan tayil zamewa yake kamar an zuba mai, sau biyu ya gudu ya bar ta ta kifa, leɓenta ya fashe kaɗan, sai da na mayar wa kafintan ya naɗa robar tsohon tub ɗin babur a tayoyin ya kuma ɗaure su sosai, daga nan ya rage gudu. A siminti ko ƙasa ya fi zama lafiya. Ba ya juyawa kuma, in ta kai bango sai ta tsaya tana kuka sai an zo an juya mata. Ga ƙara, in Abbansu yana barcin rana dole a ɓoye shi.

Wadda za ta bayar a yi mata, ki ce a goge katakon da samfefa sosai, ki bi da hannunki ko'ina ki ji ko akwai kan ƙusa a waje, ni na samu guda ɗaya a ƙarƙashin sandar. Ɓangaren bayansa ya zama mai faɗi don kar ya kife, kuma na ce kar a yi fenti tunda komai baki take kaiwa. Ki nisanta shi da kurfoti da bakin rijiya da matakala, kar ki bar yaro shi kaɗai da shi ko na minti ɗaya.

Yanzu ta daina buƙatarsa, sai dai ta rataya takalmin yayanta a jikin keken tana turawa tana yi masa pi pi. Ƙanwata ta riga ta ce nata ne in ɗanta ya fara tsayuwa, bayan sallah zan aika mata.