Sabon littafin mafarautan kyarkeci ko tsohuwar tatsuniyar?

Da zumuɗi na sayo littafin a Terminus, nan Jos. Tsohuwar tatsuniyar Turawa ta yarinya mai jar hula da kyarkeci ce aka sabunta wa matasa: yarinyar ta girma, tana farautar mutanen da ke rikiɗa su zama kyarketai. Farkonsa ya kama ni, har na hana idona barci dare biyu. Daga tsakiya sai farauta ta koma gefe, soyayya ta cinye shafuka, ana ta yanka kyarketan kamar kaji, ba ɗaya da ya sa gabana ya faɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Tsohuwar tatsuniyar, wadda marubuci Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697, 'yan shafuka ce kawai. Kyarkecin ɗaya ne tak, amma bakinsa zuma. Ya riga yarinyar isa gidan kakarta, ya cinye tsohuwa, ya shige gadonta yana jira. Babu ma maharbin da ya kawo ɗauki; a bugun 'yan'uwa Grimm, marubutan Jamus, na 1812 ne ya bayyana. Har yau wannan jiran yana tayar mini da tsigar jiki.

Sabon ya ba 'ya mace makami a hannu, wannan kam na yaba. Amma da ƙanwata ta ce, "Yaya, wanne zan fara?" tsohuwar na miƙa mata.