Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja, wanne za a fara ba yaro?

Hajiya, kin tambaya ko yaran yanzu da suka taso da katun da waya za su yarda su zauna da littattafan da muka karanta a makaranta, kuma wanne za ki fara saya wa naki. Na gwada duka biyun a kan yarana a nan Tudun Wada, kuma Magana Jari Ce ce ta ci.

Duk Abubakar Imam ne ya rubuta su. Ruwan Bagaja ya fito a 1934, bayan gasar ƙagaggun labarai da aka shirya a Zariya a 1933. Labari ne guda ɗaya dogo: Alhaji Imam ya bazama duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da Malam Zurƙe, kowa na yi wa ɗan'uwansa keta. Babban ɗana mai shekara goma sha uku ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ƙaramar, mai shekara takwas, ta ɓace a hanya, don ba ta iya riƙe wanda ya cuci wane daga jiya zuwa yau.

Magana Jari Ce kuwa, da ta fara fitowa a 1937, littafi uku ce cike da gajerun labarai. A littafi na ɗaya, aku ne ke ba Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, labari kowane dare don ya hana shi fita. Wannan tsari ya yi wa yaran yanzu daidai, domin labari ɗaya ba ya wuce tsawon katun ɗaya. Ranar da aka ɗauke wuta, cajin waya ya ƙare, na haska tocila na karanta musu Kalala da Kalalatu. Washegari ƙaramar ce da kanta ta ɗauko littafin ta ɗora mini a cinya, ta ce, “Baba, me akun ya ce kuma?”

Abin da ya ba ni takaici shi ne, da na miƙa mata ta karanta da kanta, sai ta tsaya cak a kan ƙ da ɗ. A makarantarsu Turanci kawai ake yi, Hausar kuma a baki take, ba ta saba ganinta a takarda ba. Ga kalmomi irin su dogari da sule da sirdi, sai an tsaya an yi mata bayani. Babu wannan wahala a katun, shi ya sa suke gudu can.

Ki fara da Magana Jari Ce na ɗaya, ki riƙa karanta musu da baki bayan sallar isha'i, labari ɗaya a dare. Ruwan Bagaja ki ajiye wa wanda ya shiga sakandare. Ki duba wajen masu sayar da littattafai a Kasuwar Gumi da ke Kaduna, ki buɗe ki tabbatar shafukan sun cika kafin ki biya.