Keken ɗinki na wuta ko na ƙafa?

Mace za ta shekara tana zubin adashi, ranar kwasa ta nufi kasuwar Sabon Garin Zariya ta ɗauko keken ɗinki na wuta, babban nan irin na masu shago. Kafin wata biyu sai ka ji ana da-na-sani. Keken kuwa ba shi da laifi: wajen sauri da tsaftar ɗinki, na ƙafa bai kama ƙafarsa ba, kuma yana ratsa yadi mai kauri ba gardama.

Wuta ce matsalar. Sallah saura kwana uku, atamfofin mutane jibge, a ɗauke wuta, ko a kawo ta ba ƙarfi. Sai janareta, alhali tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin ɗinkin riga rabinsa a gidan mai yake ƙarewa. In injin keken ya ƙone, wani adashin ne sabo.

Na ƙafa, irin su Butterfly, man keke da allura kawai yake nema. Igiyarsa ta tsinke, mai gyara a Tudun Wada zai sauya ta nan take. Yana da jinkiri dai, kuma baya da gwiwa suna ji a jikinsu.

Mai shago a Samaru, inda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke kawo ɗinki ba yankewa, na wuta zai mayar masa da kuɗinsa. Mai ɗinki a gida cikin birni, ni dai na ƙafa zan ce ta saya, in ciniki ya buɗe ta sa a ɗaura masa ƙaramin inji.