Akwati mai taya ko jakar goyo: amsa ga mai shirin aikin gini a arewacin Gana

Ɗan'uwanmu da zai bi tawagar masu aikin sa kai daga nan Maradi zuwa wani ƙauye a yankin Tamale, domin gina azuzuwan makaranta, ya tambaya wanne ya fi dacewa ya zuba kayansa, akwati mai taya ko jakar goyo. Malam, abin da zai raba maka gardama shi ne ƙarshen hanya, wato daga inda kwalta ta ƙare zuwa ɗakin da za a sauke ka.

Daga tashar Maradi zuwa Yamai, ta Birnin Ƙonni da Dogondutsi da Doso, akwati ba shi da laifi, haka ma a filin jirgin Diori Hamani, inda ƙasa take sumul. Yana kare abin da ke iya fashewa, yana ɗaukar kwaɗo, kuma a ɗakin ƙauye ɓera da gara ba sa samun hanyar shiga cikinsa da sauƙi. Waɗannan ba ƙananan amfani ba ne. Sai dai shi kansa akwatin yana da nauyi tun ba a sa masa komai ba, alhali yawancin kamfanonin jiragen sama kilo 23 suke yarda da shi ga kaya guda. Bugu da ƙari, arewacin Gana damina take yi daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, kuma duk wanda ya taɓa jan akwati a jar ƙasa bayan ruwan sama ya san yadda laka ke cika tayoyin har su daina juyawa, mutum ya koma ɗaukarsa a ka. Idan kuwa babur ne zai ƙarasa da kai, irin kabu-kabunmu, ɗaure akwati a bayansa wahala ce ga kai da direban.

Jakar goyo ita ce zaɓina, kuma ina faɗa da gaske. Tana barin hannuwanka biyu a sake, tana shiga kowane lungu na mota, kuma ƙarancin wurinta yana tilasta maka barin abin da ba ka buƙata. Rauninta biyu ne, ruwa da ƙura, maganinsu kuma shi ne ka sa babbar leda mai kauri a ciki kafin ka jera tufafi. Mai ɗaukar lita 50 zuwa 60, wadda take da ɗamarar ƙugu, ta wadatar, kuma ana iya dacewa da mai kyau a wajen masu bosho a babbar kasuwa. Ka duba zif da ɗinkin madaukai da kyau kafin ka biya.

Kowanne ka ɗauka, kayan aiki ne za su fara shiga. Ɗanyen siminti yana cin fata, yana tsattsage yatsu har su yi jini, saboda haka safar hannu ta roba mai kauri da takalmi mai rufe ƙafa sun fi rigar ado muhimmanci. Takalmin ka saka shi a ƙafa ranar tafiya domin rage nauyi, kuma kada ya zama sabo fil, don zai yi maka kanta. Cokalin gini da guduma ba a shiga da su cikin jirgi a hannu, sai a kayan da ake aunawa, ko da yake ya kamata ka fara tambayar shugaban tawaga, domin shebur da baro a can ake samunsu. Gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro bisa shawarar likita ba abin sakaci ba ne.

Ƙaramar jaka ta biyu kada ta rabu da jikinka. A ciki za ka sa fasfo da katin rigakafin cutar shawara, wanda Gana take nema a wajen shiga, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura guda ta isa har tsawon rai. Nan ne kuma wurin batirin cajin waya, tunda ba a yarda a sa shi cikin kayan ƙasan jirgi ba. Soket ɗin Gana mai baki uku ne irin na Ingila, cajarmu mai ƙafa biyu ba za ta zauna daidai ba sai da mahaɗi, kuma kuɗinsu sidi ne, don haka ka canja sefarka a Tamale kafin ku shiga ƙauye.